Didam Yana Gona

A Agadas na fara koyon kame bakina. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can bayan Madakiya, ba a taɓa sanina da shiru ba. Ko a taron coci in ban yi magana ba sai an waiwayo a ga ko lafiyata ƙalau. Sai ga ni a wani gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, mu wajen arba'in, muna jiran motar Libiya, ba mai tambayar wani daga ina ya fito. Wani ɗan Gana da ya taɓa bin hanyar ya ji ina ba wasu labarin abin da ya koro ni daga gida, sai ya ja ni gefe. Ya ce, "Ticha, ajiye labarinka. Akwai inda za a tambaye ka shi, amma ba nan ba ne."

Labarin kuwa ba shi da tsawo. 'Yan bindiga sun shigo mana ƙauye wata ranar Lahadi, mutane na fitowa daga sujada. Ni ne sakataren ikilisiya, saboda haka ni na rubuta sunayen waɗanda muka binne. Da hukuma ta zo sauraron jama'a a Kafanchan, dattawanmu suka ce kowa ya faɗi abin da ya gani, amma kada a kama suna. Ni sarkin taurin kai na miƙe na kama. Na ga fuskar mutum ɗaya, wanda ya daɗe yana zuwa sayen citta a hannun yayana Didam, har ruwa ya sha sha a gidanmu. An kama shi, bai cika wata ba aka sake shi. Daga nan saƙo ya fara zuwa mini. Na gudu Mararaban Rido wurin wani abokin karatuna, amma sati uku kacal mai shayin bakin hanya ya ce mini wasu mutum biyu a kan babur sun tambaye shi inda malamin nan na Madakiya yake kwana. Ranar na san zama ya ƙare mini.

Hamada kam, duk wanda ya ce zai kwatanta maka ita ƙarya yake. An jera mu a bayan mota, kowa ya riƙe sanda a tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo, jarkar ruwa a cinya. Direba ya gaya mana tun farko, wanda ya faɗi ba a tsaya masa. A kwana na uku muka wuce wata mota da ta mutu, ƙofofinta a buɗe, takalma a watse a yashi, ba kowa. Wata mata 'yar Binin da ke gefena ta fara waƙar coci a hankali, direba ya daki jikin mota ya ce ta rufe mana baki.

Wata takwas na yi a Libiya. Na ɗauki bulo a Sabha, na wanke motoci a Tarabulus, na koyi tafiya a jikin bango da sunkuyar da kai. A can baƙin mutum in ya ji mota ta rage gudu a bayansa, ba ya waiwayawa. Amma kada in ci haƙƙin wata tsohuwa da ke gidan da ke kallon inda aka tara mu. Duk Juma'a da rana sai ta turo burodi da dabino ta ƙarƙashin ƙofa. Hannunta kawai na sani, mai lalle, ban taɓa ganin fuskarta ba.

A Tarabulus ɗin na sami 'yar waya, kuma tun daga lokacin duk Lahadi bayan an tashi daga sujada nake kiran gida. Mahaifiyata ce ke ɗauka. Da yarenmu na Jju muke magana, ta ba ni labarin wanda ya yi aure, da akuyar da ta haihu, da rigimar zumuntar mata a kan anko. In Didam na kusa sai ta miƙa masa. Shi ba mutumin waya ba ne, shekara shida ya ba ni, kuma duk maganar da Allah ya raba wa gidanmu ni na kwashe. Zai ce, "Ishaya, ka ci abinci? To. Ga Mama." Shi ke nan. Rabin rayuwarsa a gonar citta ya yi ta, can ƙasan rafi inda sabis ba ya kaiwa.

Dillalin da ya haɗa mu da masu jirgi ya rantse mana da duk abin rantsuwa cewa babban jirgin ruwa ne, har da rumfa. Da aka kai mu bakin teku, abin da muka tarar jirgin roba ne da ake hura wa iska. Wani ya ce shi ya fasa, aka nuna masa bindiga, ya shiga. Ba zan ba da labarin tekun nan ba. Abin da zan ce kawai, mun shiga da yawa, waɗanda jirgin ceto ya ɗauka ba su kai yawan waɗanda suka shiga ba, kuma matar nan 'yar Binin tana cikin waɗanda ba su fito ba.

A Italiya aka dangwala mana yatsu a na'ura, aka ba kowa lamba, aka kai mu wani sansani a arewacin ƙasar, tsohon otel ne a bayan gari. A nan na fara jin kalmar mafaka a bakin kowa. Akwai kwamiti da zai kira ka, ka zauna ka faɗi dalilin da ya sa ba za ka iya komawa ƙasarka ba. In sun yarda, su ba ka takardar zama. In ba su yarda ba, hanyarka ta koma inda ka fito. Mutane na jiran kiran nan shekara guda, wasu fiye, ba aiki, sai cin taliya da kallon bango.

Akwai wani ɗan ƙasarmu a sansanin da ake kira Barista, alhali ko ƙofar makarantar lauyoyi bai taɓa gani ba. Sana'arsa sayar da labari. Ya zaunar da kai ya tsara maka abin da za ka faɗa wa kwamiti, ya sa ka haddace kamar ayar Lahadi. Mutum uku a ɗakinmu duk an kashe musu uba a kan gadon sarauta, iri ɗaya sak. Da ya zo mini na kore shi. Na ce, "Kai, tashi ka ba ni wuri! Ni nawa na gaske ne, da hannuna na rubuta sunayen gawawwaki." Ya yi dariya ya ce, "Ticha, gaskiya ma sai an yi mata kwalliya a ƙasar nan." Na ce ya je ya yi wa tasa.

Cikin damina ta farko da na yi a sansanin, wato daminar gida nake nufi, sai Didam ya daina zuwa waya. In na ce, "Mama, ina Didam?" sai ta ce, "Yana gona. Yana gaishe ka." Lokacin shukar citta ne, na san aikin, ga shuka ga rufe kunya da ganye, don haka ban kawo komai a raina ba. Lahadi ta gaba, yana gona. Ta gaba, ya je Zangon Kataf sayen taki. Har tsiya na riƙa yi, ina cewa, "Mama, ki gaya masa cittar nan ba za ta gudu ba." Takan yi 'yar dariya ta canja magana.

Ranar da aka kira ni gaban kwamiti na sa riga mai dogon hannu, na goge takalmi. An tambaye ni tun kafin ranar da wane harshe zan yi magana. Tafintan Jju babu, Turancina kuma na allo ne, ba na kuka ba, sai na ce Hausa. Ina shiga na tarar da wata jami'a mai tabarau a bayan kwamfuta, a gefenta ga wani dogon mutum da hula da tabon salla a goshi. Zan faɗi gaskiya ko da ba abin alfahari ba ne, gabana ya faɗi. Mutumin ya lura. Ya ce, "Malam, sunana Sa'idu, mutumin Maraɗi ne ni. In hankalinka bai kwanta da ni ba, doka ta ba ka dama ka ce a canja tafinta. Wallahi ba zan ji haushi ba." Kunya ta kama ni. Na ce mu ci gaba.

Awa uku muka yi. Na faɗi komai, ranar Lahadin, sunayen, zaman Kafanchan, mutanen babur. Jami'ar ba ta ɗaga murya, tana dai bugawa. Can kusa da ƙarshe ta ɗago ta tambaya ta bakin Malam Sa'idu.

"Wa ya rage maka a gida?"

"Mahaifiyata da yayana."

"A gidan da ka bari suke?"

"Nan suke."

"Yayan naka shi ne wanda mutumin da ka ambata yake sayen kaya a hannunsa?"

"Shi ne."

"Me yake yi yanzu?"

Har da murmushina na ce, "Noma. Kullum yana gona, ko a waya ba a samunsa."

"An taɓa shi tun bayan tafiyarka?"

"A'a, mun gode Allah."

"Yaushe rabonka da jin labarinsa?"

"Lahadin nan da ta wuce ya gaishe ni."

Ta buga, aka karanta mini, na sa hannu. Na fito ina jin kamar na ci jarrabawa. A bakin ƙofa Malam Sa'idu ya tarar da ni yana ɗaura agogonsa. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da karambanina. Yayan nan naka, da kunnenka ka ji muryarsa?" Na ce a'a, ta bakin Mama ne. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ƙirga, na ce wata huɗu ko biyar. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "To, Allah ya sa lafiya." Ya tafi ya bar ni tsaye. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata ina ruwansa da gidanmu.

Amsa ba ta zo ba sai watan Fabrairu. An ƙi. Wata lauya da ke taimaka wa mutanen sansanin, 'yar gajeruwa mai saurin magana, ita ta zaunar da ni ta warware mini takardar da Turanci. Ta ce, "Ishaya, dokar nan ba ta kare mutum don ƙasarsu na cikin wahala kawai. Sai ka nuna kai ɗin ake nema, saboda addininka ko ƙabilarka ko abin da ka tsaya a kai, kuma hukumar ƙasarku ba ta iya kare ka ba, kuma ba inda za ka koma a cikin ƙasar ka tsira. Ba su ce ƙarya kake ba. Cewa suka yi yayanka, wanda ya fi ka sanin mutumin, yana gida ɗaya, yana fita gona shi kaɗai kullum, ba abin da ya same shi. In shi ya zauna lafiya, kai ma za ka iya." Wata ɗaya aka ba ni in ɗaukaka ƙara. Ta ce in samo sabuwar hujja, ko da wasiƙa ce daga yayana da zai faɗi ko ana zuwa nemana.

Ban jira Lahadi ba, a tsakar gidan sansanin na kira. Na ce, "Mama, ba ni Didam yanzu."

"Yana gona."

"Wace gona a Fabrairu? An haƙe citta, an yanka, an shanya, an sayar. Wace gona, Mama?"

"Ya je duba..."

"Haba Mama! Za a mayar da ni, kin ji? Za a sa ni a jirgi a kawo ni hannun mutanen nan. In fushi yake da ni don na jawo muku masifa, ya zo ya faɗa mini da bakinsa!"

Ban taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya haka ba. Na ji numfashinta, sai wayar ta mutu. Na sake kira, a kashe. Kwana huɗu ina kira, a kashe.

A rana ta biyar, Asabar ce da hantsi, mai gadin sansani ya ce ina da baƙi. Na sauko na ga wani dattijo da kwat da Littafi Mai Tsarki a hammata, da matarsa sanye da zanen zumuntar mata a ƙarƙashin rigar sanyi. Ban taɓa ganinsu ba. Ya ce sunansa Markus, mutumin Kagoro ne, shekara ashirin yana aiki a wani gari mai nisan awa huɗu a jirgin ƙasa. Ya ce sun biyo ne su gaishe ni. Na kai su ɗakin cin abinci.

A wurinmu ba a faɗa wa mutum mutuwa ta waya, balle yana shi kaɗai a baƙon wuri. Sai an sami manya sun taka sun je, su zauna ɗaya a dama ɗaya a hagu, a sha ruwa, a yi addu'a, sannan a faɗa, don in ya faɗi a sami mai tare shi. Ni kaina na sha yin wannan tafiya tare da fasto. Na san yadda ake farawa da tambayar aiki da lafiyar jiki. Na san lokacin da ake dafa gwiwar mutum. Ga shi yau ni ne a tsakiya, a kan bencin ɗakin cin abinci, Baba Markus na tambayata yaya sanyi, matarsa ta kwance ƙunshin garin acca da ta kawo mini tana ajiyewa a kan tebur. Ya buɗe Littafi. Na ce, "Baba, don Allah rufe. Mama ce ko Didam?"

Ya dafa gwiwata. Ya ce, "Ɗana, Didam ya riga mu gidan gaskiya. Tun watan Mayu."

Na ƙirga da yatsuna kamar ɗan aji ɗaya. Wata tara. Wata tara yana gaishe ni. Ban yi kuka ba a lokacin. Na ce, "Baba, yaushe kuka sani?" Ya ce Mama ta daɗe tana neman wanda zai zo, daga fasto zuwa fasto, har aka dace da wata mata a Kagoro da ta san shi. Saƙo ya iso masa kafin Kirsimeti, amma ya ga bai kamata a ɓata mini biki ba, daga baya kuma hutu ya yi wuya. Sai da Mama ta kira shi tana kuka shekaranjiya suka kamo hanya. Na miƙe tsaye. Na ce, "Biki? Wane biki nake da shi a nan? Kun san abin da kuka yi mini kuwa? Na zauna gaban hukuma na sa hannu cewa yayana yana raye yana noma! Da wannan aka kore ni!" Tsohon ya sunkuyar da kai. Matarsa ce ta kamo hannuna ta zaunar da ni, ta ce, "Yi ihunka, ɗana, abin da ya kawo mu ke nan." A kafaɗar matar nan da ban sani ba na yi kukan Didam.

Ranar Litinin na kai wa lauya takardar tsarin jana'iza da Baba Markus ya kawo, mai hoton Didam a gaba, sanye da rigar da ya sa ranar bikin ƙanwarmu. Na ɗauka za ta ce shi ke nan. Ta karanta kwanan watan, ta buɗe bayanina na kwamiti, ta jera su, ta kama kai. Ta ce, "A nan ka ce ya gaishe ka a Satumba. A nan an binne shi a Mayu. Alƙali zai ce ko takardar nan ta jabu ce, an buga ta bayan an ƙi ka, ko kuma kai maƙaryaci ne. Irin wannan takarda suna ganinta kullum." Na yi mata bayanin al'adarmu. Ta ce, "Wata tara? Uwa ta ɓoye wa ɗanta wata tara?" Na ce ƙwarai, kuma duk ƙauyen sun taya ta. Ta ce to dole mahaifiyar taka ta faɗa da bakinta, a naɗa, a fassara, dattijon nan ma ya sa hannu.

Malam Sa'idu aka kira ya yi tafinta. Da ya shigo ofishin ya gan ni, bai tambayi komai ba, ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam." Aka ajiye waya a tsakiyar tebur. Na ce, "Mama, yau da Hausa za ki yi, don mai fassara ya ji." Hausar Mama ta kasuwa ce da coci, ba ta saba ba da labari da ita ba.

"Na kai mishi abinci a gona," ta ce. "Rana ya yi tsaka. Ina sauka wajen rafi, na ga babur biyu. Sai na kwanta a cikin ciyawa. Mutum uku ne. Suka ce mishi, ina Malam? Ina mai rubuta suna?"

Lauya ta ce a tambaye ta me ya amsa.

"Ya ajiye fartanya. Ya ce, ni ne."

Malam Sa'idu ya fassara a hankali. Ni kuwa na riƙe bakin tebur. Didam da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa.

Mama ta ci gaba, ba kuka, kamar mai ba da shaida a coci. Ta ce bayan kwana uku da jana'iza aka kira wayarta, wata murya ta ce sun gane ba shi ba ne, a gaya wa Malam suna nan suna jira. Ta kai maganar wurin 'yan sanda, aka rubuta, ba ta sake jin komai ba. Lauya ta ce tambaya ta ƙarshe, me ya sa ba ta gaya wa ɗanta ba.

"Yana shi kaɗai," in ji Mama. "In na faɗa mishi ya faɗi, wa zai riƙe shi? Kuma na san halinshi. Da ya ji, da ya kamo hanya ya dawo. Ɗaya na binne, ba zan binne biyu ba."

A kotu alƙalin, wani tsoho mai farin gashi, ya saurari muryar Mama har ƙarshe yana bin fassarar da biro. Baba Markus ya sake hawa jirgin awa huɗu ya zo ya tsaya da kwat ɗinsa, ya ce shi ne ya jinkirta, laifinsa ne, a rubuta haka. Alƙali ya tambaye ni abu ɗaya, ya ce a cikin wata taran nan ban taɓa zargin komai ba? Na so in ce a'a. Amma na riga na sa hannu a kan abin da ba haka ba sau ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi zargi. Tsoro ne ya hana ni tambaya da kyau." Ya rubuta, ya ce za a aiko da hukunci. Wata biyar na yi ina jira, duk motar da ta tsaya a ƙofar sansani sai na leƙa ta taga in ga ko ni aka zo ɗauka.

Hukunci ya zo a wani siririn ambulan. An ba ni mafaka. Lauya ta rungume ni, ta ce yanzu ba mai ikon mayar da ni. Sannan ta nuna mini abin da ke biye da shi. Za a ba ni takardar tafiya da zan shiga ƙasashe da ita, amma ban da Najeriya. Ta ce, "Ka ce ranka na cikin haɗari a can, sun yarda. In ka taka ƙasar da ƙafarka, za su iya cewa haɗarin ya wuce, su karɓe kariyar. Ka gane?" Na ce na gane.

Na fita na zauna a kan wani benci a bakin titi, na kira gida. Laraba ce, Mama na dawowa daga taron zumunta, ina jin muryoyin mata a bayanta. Na ce an ba ni. Ta rangaɗa guɗa har wayar ta yi ƙara, ta gaya wa matan, suka ɗauki waƙa. Na jira suka lafa. Na ce, "Mama, ki matsa gefe, akwai saura." Na gaya mata sharaɗin, cewa ba zan zo in ga kabarin Didam ba, ba bana ba, ba baɗi ba, ban san ranar ba.

Ta ce, "Ko an ce maka ba ni da lafiya?"

"Ko an ce, Mama."

"Ko na mutu?"

Na fara kewaye-kewaye. Ta sake tambaya, a hankali, yadda take yi mini tun ina yaro in tana son gaskiya.

Na ce, "Ko kin mutu, Mama."

Na ji ta sauke numfashi mai tsawo.

"To, madalla," ta ce. "Yau zan yi barci."